Ranar da Na Kai Mudi Gulbi

Mun sauka daga motar Haɗeja da hantsi,
muka hau amalanken Gwadabe,
shanu biyu, ɗaya na ɗingishi.
Mudi ɗana, shekararsa tara,
ruwan da ya sani na famfo ne da na ɗan garuwa.
Da fadama ta buɗe a gabansa
sai ya kama rigata:
"Baba, wa ya bar wannan yana zuba?"
Na ce tun kafin kakanka yake tafe, ba mai rufewa.

Giginyu tsaye, kai ɗaya da gajimare.
Goruba ta rabu biyu
kamar 'yan'uwan da suka gama rabon gado.
Shinkafa ta sunkuya, nauyin kai ya ishe ta.
Bado ya jera faifai a kan tafki,
zalɓe ya dogara ƙafa ɗaya, ya yi tsit
kamar mai bin bashi a ƙofar gida,
kirinjijiya na fito a sama suna wucewa.

Na nuna masa karofin gidanmu.
Rami bakwai. Biyar ƙasa ta cike su,
ɗaya kaza ta saka ƙwai a ciki,
na ƙarshe kuwa, in ka kankare gefensa
har yau baba zai ba ka shuɗi.
Nan kakana Barau ya ƙare ƙarfinsa,
ranar da aka yi masa sutura
tafin hannunsa bai saki launin ba.
Mudi ya kankara, ya dubi farcensa,
ya cusa hannu a aljihu yana tsoron gogewa.

A mashaya Cindo na ɗinkin koma,
haƙori uku suka rage masa, duk a waje.
Ya ce, "Ɗan birni ne? Miƙo shi."
Ya kifa masa gora a ƙarƙashin ciki,
ya tura shi kamar ƙwarya.
Ihu. Kurɓa biyu. Tari.
Can ƙafafu suka gane aikinsu,
yaran gari suka kewaye shi da kurme,
ni ina gaɓa riƙe da takalmansa,
bakina na "ba komai", gwiwata na rawa.

Da la'asar muka shiga kwalekwale.
Kacala ta cinye hanyar da na sani,
inda jirage huɗu ke bi a jere
yau sai da lauje.
Cindo ya tofa yawu, ya ce ciyawar nan ba ta da kunya.
Ya nuna wata 'yar tsuntsuwa mai zobe a ƙafa:
"Daga bayan teku take zuwa, duk shekara,
ba fasfo, ba kuɗin mota.
Kai da ke nan Kano,
damina shida ba ka leƙo ba."
Na tsoma hannu a ruwa, na rasa ta cewa.

Da dare wata ya wanke rairayi tas.
Iya Tabawa ta gasa karfasa da tarwaɗa,
ta barbaɗa yajin ƙuli,
tana mitar wai na rame.
Yara suka ja layin langa.
Mudi ya kama babban yatsa, ya yi tsalle uku,
ya sha ƙasa, ya tashi, ya sake sha.
Sauro ya yi ta shagalinsa a kanmu,
ba wanda ya ce a shiga ɗaki, har kwaɗi suka gaji da kururuwa.

Asuba na laluba tabarma, babu kowa.
Na bi sawu ƙanana cikin raɓa
har bakin ruwa.
Ga shi a gaban jirgi, gora a cinya,
Cindo na koya masa sunan kifi ɗaya-ɗaya,
yana maimaitawa kamar karatun allo:
kurungu, gargaza, ragon ruwa.
Motar Kano ƙarfe tara take tashi.
Takalmansa na hannuna tun jiya,
bai tambaye ni ba,
ni ma ban yi gaggawar miƙawa.